Rana ta uku ko ta biyar: yaushe ya kamata a mayar da ɗan tayi mahaifa?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya. Shekarunta 35, shekara tara da aure, bututun mahaifarta a toshe. Bara ta yi dashen ƙwai, wato IVF: an ciro ƙwai bakwai, uku suka haɗu da maniyyi, ɗaya ya tsaya a hanya, aka mayar mata da biyu a rana ta uku bayan cirowa, bai kama ba. Ƙawarta kuwa da ta je Masar sai da aka kai rana ta biyar, yau ga ta da goyo. Yanzu tana shirin sake gwadawa, likitanta kuma ya ce wataƙila ma ba za a mayar a watan ba, daskarar da 'yan tayin za a yi a jira wani watan. Tana so ta ji ko gaggawar rana ta uku ce ta ɓata mata wancan, ko ta kafe sai ta biyar, kuma ko wannan daskarewar ba dabarar ƙarin kuɗi ba ce.

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo masu albarka. Ga mace mai 'yan tayi biyu kacal a hannu, mayarwa a rana ta uku hukunci ne da likitoci da dama za su yanke, ni ma a ciki. Ban ga inda aka cuce ki ba a nan. Amma bari in warware miki lissafin, don ki shiga wannan karon kina gane abin da ake faɗa a gabanki.

Ranar da aka ciro ƙwai ba ta cikin ƙidaya, ita ce sifili. Awa 34 zuwa 36 kafin nan aka yi miki allurar ƙarshe mai nunar da ƙwai, wadda nas ta yi ta jaddada miki lokacinta. A ranar cirowa ake haɗa ƙwan da maniyyi. Washegari da safe, bayan awa 16 zuwa 18, ma'aikacin ɗakin gwaji zai duba a madubin likita: ƙwan da ya haɗu lafiya za a ga ɗigo biyu a tsakiyarsa, ɗaya na uwa ɗaya na uba. Rana ta biyu ya rabu huɗu. Rana ta uku shida zuwa takwas, ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Rana ta huɗu sun manne sun dunƙule, ba ka ganin iyakar wannan da wancan. Rana ta biyar ruwa ya taru a tsakiya, ƙwayoyin sun kai ɗari ko fiye, sun kuma rabu gida biyu: wani ƙulli a gefe da zai zama jariri, da shimfiɗar da ta zagaye wadda za ta zama mabiyiya. Wannan matakin shi likitoci ke kira bilastosis.

Sirrin maganar yana tsakanin rana ta uku da ta biyar. Har zuwa rana ta uku, da guzurin da ƙwan uwa ya taho da shi ɗan tayi yake tafiya. Daga nan ne ƙwayoyin gadonsa na kansa, na uwa da na uba, suke karɓar ragama. Wanda ke da tangarɗa mai tsanani a nan yake tsayawa. Shi ya sa za ki ga 'yan tayi goma kyawawa a rana ta uku, ba wanda zai iya nuna miki na ƙwarai a ciki, amma a rana ta biyar uku zuwa biyar ne suka kai. In shekarun mace sun ja, adadin ya ƙara raguwa.

Jiran rana ta biyar tankaɗe ne. Rariya ba ta ƙara gari, tsaki kawai take warewa. Kwana biyun nan ba sa ƙara wa ɗan tayi lafiyar da bai zo da ita ba, suna nuna mana ne wanda ya fi ƙarfi. In kina da takwas ko goma, wannan abu ne mai amfani ƙwarai: a ɗauki mafi kyau a fara da shi, ki huta da mayarwa uku ko huɗu da ba za su kama ba, da kuɗinsu da zullumin jiransu. In kuwa biyu gare ki, kuma biyun za a mayar, to me za a tankaɗe?

Ki kuma yi hattara da alƙaluman da asibitoci ke tallata kansu da su. In aka ce miki nasarar rana ta biyar ta fi ta rana ta uku, gaskiya ne in ana ƙirga kowace mayarwa ɗaya. Sai dai wannan lissafin bai haɗa da matar da aka kira a waya ranar ta biyar aka ce mata kada ta taso ba, babu ko ɗaya da ya kai. Lissafin da ya dace shi ne: daga cirowa ɗaya, bayan an yi amfani da duk abin da aka samu, na take da na daskare, mata nawa ne suka riƙe jariri? A Holan an yi wannan gwajin a kan mata kusan 1,200 masu aƙalla 'yan tayi huɗu, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, sakamakon ya fito a 2024. Masu rana ta biyar kusan 59 cikin 100 suka haihu, masu rana ta uku kusan 58. Wato kunnen doki. Abin da masu rana ta biyar suka ci riba shi ne sun fi samu tun a mayarwar farko, ɓari kuma ya fi ƙaranci a cikinsu. Riba ce ta gaske, amma ribar saurin isa ce, ba ta ƙarin 'ya'ya ba.

Masu goyon rana ta biyar suna da wata hujja mai kyau. A cikin da aka ɗauka ba tare da magani ba, ɗan tayi mai kwana uku yana cikin bututu ne tukuna, sai wajen kwana na huɗu yake gangarowa mahaifa. Mayar da shi a rana ta uku kai shi ne kafin lokacinsa, ga kuma mahaifa tana yawan motsi a kwanakin farko bayan ciro ƙwai, ta lafa daga baya. Duk haka ne. Amma Louise Brown, jaririyar IVF ta farko a duniya, wadda aka haifa a Oldham ta Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, tana ƙwayoyi takwas Patrick Steptoe da Robert Edwards suka mayar da ita. Har kusan shekara ashirin bayan nan a rana ta biyu ko ta uku ake mayarwa ko'ina, sai a ƙarshen shekarun 1990 da David Gardner da abokan aikinsa suka inganta ruwan renon da ke iya riƙe ɗan tayi har kwana biyar. Mahaifa tana karɓar mai kwana uku, ta kuma raine shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba: amsar tana rataye da ɗakin gwajin. Na'urar reno dole ta zauna a zafin jiki, digiri 37, ba hawa ba sauka. Iskar da ke ciki haɗa ta ake yi, a rage oksijin zuwa kamar kashi 5 cikin 100 maimakon 21 da muke shaƙa, don haka yake a cikin bututun mace. Duk buɗe ƙofar na'urar sai ya taɓa wannan ma'auni. Ki ɗora wannan a kan halin wutar lantarkinmu. Asibitin da ya san aikinsa yana da janareto sama da ɗaya da batura masu riƙe na'urar a daƙiƙun da ake sauyawa. Inda babu wannan tabbacin, kowane kwana a waje kasada ce, cikin uwa ya fi masa. Don haka ki tambaye su kai tsaye: a cikin ƙwan da suka haɗu a wurinku, kashi nawa ke kai rana ta biyar? Wanda ke auna aikinsa zai ba ki amsa ba inda-inda.

Shawarata gare ki a wannan ɓangaren: kada ki kafe kan wata rana tun kafin a ciro ƙwai. Ku yi yarjejeniya da likitan cewa da safiyar rana ta uku za a yanke. In an wayi gari da huɗu ko biyar masu kyau, a ƙarasa ta biyar. In ɗaya ne ko biyu, a mayar ko a daskare a ranar, sai in ke da kanki kin zaɓi jira kina sane da cewa ana iya tashi ba komai.

In kuwa aka kai ta biyar da mai kyau, ki yarda a sa ɗaya. Na san mutanenmu. Bayan shekara tara ana jira, ga surutun dangin miji, mace za ta ce likita a zuba uku, in tagwaye ne ma ta huta. Cikin tagwaye sama da rabinsu kafin lokaci suke zuwa, ga hawan jini ga jijjiga, kuma gadon bakwaini a garuruwanmu ba shi da yawa, inda yake kuma da tsada. Ko ɗayan da aka sa ma yakan tsage biyu wani lokaci, hakan ya ɗan fi faruwa a masu kwana biyar. Na biyun a ajiye miki shi, yana nan.

Wancan lissafin ɗan tayi ke nan. Akwai na biyu, na mahaifa, kuma shi ne asalin maganar daskarewa.

Shimfiɗar mahaifa ba kullum take karɓar baƙo ba. Sinadarin istirojin ne yake kaurara ta a farkon wata, sannan bayan fitar ƙwai furojestaron ya zo ya nunar da ita. Daga ranar da furojestaron ya fara aiki ake ƙirgawa: bayan kamar kwana shida ƙofa ta buɗe, ta yi 'yan kwanaki, ta rufe. Ga mai al'adar kwana 28, wajen rana ta 20 zuwa 24 ke nan. Wani bincike da Allen Wilcox ya jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 1999, ya bi matan da suka ɗauki ciki ba tare da magani ba, ya ga mafi yawan cikin da ya ɗore ya maƙale ne a rana ta 8, 9 ko 10 bayan fitar ƙwai, wanda ya makara kuma ya fi saurin zubewa. Abin da ake nema ke nan: ɗan tayi ya kai matakin maƙalewa daidai lokacin da ƙofa take buɗe.

A watan da aka yi miki alluran ƙwai, jiki ba a daidai yake ba. Maimakon ƙwai ɗaya, goma ne ko ashirin suke girma, istirojin ya ninka sau da yawa, wani lokaci furojestaron ya fara hawa tun kafin a ciro ƙwan. Shimfiɗar sai ta yi gaba ta bar ɗan tayi a baya. Shi ya sa ake ɗibar jininki ranar allurar ƙarshe. In furojestaron ya haura kamar 1.5 a ma'aunin da aka saba, likitoci da yawa ba za su mayar a watan ba. Haka nan in ɗan tayi ya yi nawa bai zama bilastosis ba sai rana ta shida: shi ya makara, ita ta yi sammako, gara a ajiye shi a mayar a watan da za a daidaita su.

Daskarewa ba sabon abu ba ne. Tun 1984 aka haifi jaririya a Melbourne ta Ostareliya daga ɗan tayin da aka daskare. Tsohuwar hanya a hankali take sanyayawa, ƙanƙara ta tsattsaga ƙwayoyin, da yawa su lalace. Ta yanzu, wadda masana a Japan suka yaɗa a shekarun 2000, cikin ƙiftawar ido take sandarar da shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ƙanƙara ba ta samun damar haɗuwa. A ɗakin gwaji mai kyau sama da tara cikin goma suna farfaɗowa lafiya.

Amma ba kowa take yi wa amfani ba, kuma a nan tambayarki ta kuɗi tana da gurbi. A 2016 an gwada a ƙasar Sin kan mata sama da 1,500 masu lalurar PCOS, irin masu tara ƙananan ƙwai da yawa da rikicewar al'ada. Waɗanda aka daskare wa kusan 49 cikin 100 suka haihu, waɗanda aka mayar wa nan take 42, kuma kumburin ciki mai haɗari da allurai ke jawowa ya ragu sosai a masu daskarewa. A 2018 aka sake gwadawa a Sin da Biyetnam kan matan da ba su da wannan lalura, ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. A 2025 kuma wani gwaji kan mata masu ƙarancin ƙwai ya nuna mayarwa nan take ta fi, wajen 40 cikin 100 a kan 32. Ke da ƙwai bakwai aka ciro miki bara, kin fi kusa da waɗannan na ƙarshe. Saboda haka in aka ce za a daskare miki, ki nemi dalilin, kuma dalilin ya zama naki ne, ba ƙa'idar asibiti ba.

Dalilai na gaskiya sanannu ne. Hawan furojestaron da na faɗa. Ƙwai da suka yi yawa har ana tsoron kumburi, domin shigar ciki a watan ƙara rura shi take yi. Shimfiɗa da ta ƙi kauri, ko tsiro da aka hango a cikin mahaifa. Gwajin ƙwayoyin gado, kamar ma'auratan da dukansu AS ne suna gudun sikila: a rana ta biyar ko shida ake tsinko 'yan ƙwayoyi daga ɓangaren mabiyiya a aika, sakamako kuma ba ya dawowa a kwana ɗaya. Sai wanda ya fi shafarki: kin ce bututunki a toshe. Ki tambaya ko akwai ruwa kwance a cikinsa. Bututun da ya toshe ya cika da ruwa yana tsiyayo shi cikin mahaifa, kuma yana rage damar kamawa da kusan rabi. In akwai shi, a cire bututun ko a ɗaure shi kafin a mayar. Ni a labarinki wannan ne zan fara bincikawa, kafin in tsaya kan uku ko biyar.

In an yanke daskarewa, hanya biyu ake shirya mahaifa. Ta farko da magani zalla: ƙwayoyin istirojin na kwana goma zuwa sha huɗu, a yi hoto a ga shimfiɗa ta kai kamar milimita 7 ko fiye, sannan a fara furojestaron, na matsi ko na allura. Bilastosis ana mayar da shi a rana ta shida da farawa, wato bayan cikakkun kwana biyar, kamar awa 120. Mai kwana uku kuwa a rana ta huɗu. Kwanakin istirojin suna da sassauci, ana iya ƙara mako in kina jiran biza ko maigida ya dawo daga tafiya, ko kina so a kauce wa tsakiyar azumi. Na furojestaron ba su da shi. Daga sa'ar da kika sa na farko lissafi ya tashi. Ki rubuta ranar da ƙarfe nawa ne. Mace takan fara kwana ɗaya kafin lokaci don wai ta taimaka wa abin, ko ta tsallake biyu tana hanyar Abuja a mota, ta kuma ji kunyar faɗa. Ki faɗa. Ɗan tayin yana cikin sanyi, ɗage ranar ya fi asararsa sauƙi.

Hanya ta biyu ita ce a bi al'adarki. A riƙa hoto da gwajin jini har a ga sinadarin LH ya tashi, alamar ƙwai zai fita, a mayar da bilastosis kwana shida bayan nan, ko kwana bakwai bayan allurar nunarwa in ita aka yi. Ta fi yawan zirga-zirga, ranar kuma tana iya faɗawa Lahadi ko ranar Sallah, abin da ya sa wasu asibitoci ba sa sonta. Amma ga mai al'ada daidai ni ita na fi so. Gurbin da ƙwai ya fita ya bari yana fitar da sinadaran da ke gyara jijiyoyin jinin mai ciki. A hanyar magani zalla babu wannan gurbin, kuma an lura hawan jinin masu ciki ya fi yawa a cikinta. Wannan ne ma ya sa wadda aka shirya da magani zalla ba ta da ikon tsayar da shi da kanta don ta ga gwaji ya nuna ciki. Jikinta ba ya yin nasa furojestaron, sai wajen mako na goma zuwa sha biyu da mabiyiya ta karɓi aikin.

Ba sai kin huta wata uku ba kamar yadda ake yawan faɗa. In lafiyarki ƙalau, ana iya fara shiri daga al'adar da ta biyo bayan ciro ƙwai, gwaje-gwaje ba su nuna ribar jinkiri ba. In kuma wani uzuri ya sa an jinkirta, ɗan tayin da ke cikin naitirojin ba ya tsufa. Shekarun da kike da su ranar da aka ciro ƙwan su ne abin lissafi. A 35, inda za ki hanzarta shi ne cirowa. Iyaka ɗaya da malamai suka gindaya: fatawar da aka bayar a Masar a 1980 da ta majalisun fiƙihu bayanta sun halatta dashen ne tsakanin miji da matarsa muddin igiyar aure na nan, don haka abin da aka ajiye ba a mayar da shi bayan rabuwa ko rasuwar miji.

Ana iya tallata miki wani gwaji mai suna ERA, a yanko ɗan nama daga shimfiɗar mahaifa wai a gano ainihin sa'ar da taki ƙofar ke buɗewa. Tunanin yana da daɗin ji. An gwada shi a Amurka kan mata sama da 700, sakamako ya fito a 2022: waɗanda aka bi gwajin kusan 59 cikin 100 suka haihu, waɗanda aka bi lissafin da aka saba kusan 62. Bayan faɗuwa ɗaya tak, ki riƙe kuɗinki.

Ranar mayarwa kanta ba ta da wahala. Za a ce ki sha ruwa ki riƙe fitsari don mahaifa ta miƙe hoto ya fito, a zura siririyar roba, minti kaɗan an gama, yawanci ba a sa barci. Ki tashi ki yi fitsarinki, ba zai faɗo ba. Kwanciyar mako biyu da iyaye mata ke tilastawa ba ta ƙara komai, ki yi sallarki da ruku'u da sujada, ki yi aikin gida mara nauyi. Gwajin jini ana yin sa kwana 9 zuwa 11 bayan mayar da bilastosis, 12 zuwa 14 in mai kwana uku ne. Kada ki sayo tsinken gwaji a kemis kafin nan. In allurar nunarwar da aka yi miki ta hCG ce, sinadarin da tsinken ke nema ke nan, kuma yana iya kwana goma ko fiye a jiki, ya nuna miki layi biyu na ƙarya. Gwajin wuri kuma yana iya nuna babu alhali akwai. In kin ga ɗigon jini a tsakani, ki kira asibiti, amma ki ci gaba da furojestaron har sakamakon jini ya fito.